Daga Abbatuwar Agege zuwa ƙolin Chappal Waddi

Musu ne ya kai ni. A Abbatuwar Oko-Oba nake aiki, ni ke riƙe wa Alhajinmu littafin lissafi: tirela nawa ta sauka, sa nawa aka yanka, wane mahauci ya biya, wa ya ce sai gobe. A Agege aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan na yi aure. Kano, garin kakannina, sai biki ko rasuwa ke kai ni. To akwai wani Bafillatani da ke rako shanu daga Taraba, kowa Ɗan Mambila yake ce masa, wanda ba ya zaman minti goma bai jawo zancen duwatsun garinsu ba. Ran nan na gaji na ce masa dutse ai dutse ne, na hau Dala, na hau Olumo a Abekuta, Zuma ma na gan shi ta tagar mota. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Kaɗo, waɗannan ai duwatsun murhu ne. In ka isa, bi ni idan an gama sayar da wannan lodin." A gaban mutane ya faɗa, don haka na ce na isa.

Da na gaya wa maiɗakina, kallona ta yi ta ce, "Baban Abba, mutane na tara kuɗi su tafi Umara, kai kuma ka tara naka ka tafi kallon biri?" Duk da haka ita ta yi mini dambun nama, ta kuma cusa wata tsohuwar rigar sanyi a ƙasan jaka. Na ce ta cire, ta ƙi. Alhaji ya ba ni kwana goma sha biyu, ya ce tunda tushen shanun zan je, in buɗe ido in ga yadda kasuwa take a can.

Cikin watan Janairu muka tashi, domin Ɗan Mambila ya ce da damina kogunan dajin ba sa ƙetaruwa. Bas ce mai cin mutum 18, ta Jalingo, Naira 55,000 kowane kai, kuma ko a hanya za ka sauka sai ka biya cikakke. Ana idar da sallar asuba muka bar tasha, muka tsallake Berger tun gosulo bai farka ba, muka hau doguwar gada, ga kara can gefe masu shayi sun fara hura wuta. Shagamu, Ibadan, Ife, Akure, duk barci na sha.

Daga Owo barci ya ƙare saboda shingaye. Sana'a ba ta barin mutum: na zaro biro na fara ƙirga su a bayan tikiti kamar yadda nake ƙirga shanu, kafin mu kai Okene takardar ta cika. A kowanne direba zai rage gudu, ya miƙa hannu ta taga a dunƙule, ya dawo da shi a buɗe. A guda ɗaya ne aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Wani mai kaki ya tambaye ni ina za ni, na ce Taraba, yawon buɗe ido. Ya maimaita wa abokin aikinsa, suka kwashe da dariya. A ganinsu Bahaushe in ya hau mota, ko dai kaya ya kawo ko kaya zai ɗauko. Ya zazzage jakar a bakin titi, bai ga komai ba sai rigar sanyi da tocila da robar dambu. Ya buɗe robar, ya cika hannu, ya ce in gaishe da madam.

Da la'asar sakaliya muka wuce Ajakuta, ga bututun kamfanin ƙarafa tsaitsaye ba hayaƙi, kamfanin da tun ina firamare nake jin ya kusa fara aiki. Sai gadar Itobe a kan kogin Kwara. A nan ruwan ya riga ya haɗu da na Binuwai a Lakwaja, faɗinsa har ido ya gaji. Ɗan Mambila ya zungure ni ya ce, "Kalla da kyau. Wani ruwan a cikin nan daga bayan gidanmu ya taso." Na ce masa ku Fulani ko teku kuka gani sai ku ce rijiyar kakanku ce.

A Otukpo direba ya ce shi ba ya tafiyar dare a wannan yanki, ba kuwa wanda ya yi masa musu. A gidan mai muka kwana, kan kwalaye. Mai shayin wurin Basakkwace ne, ina buɗe baki ya ce, "Kai ɗan Ikko na." Na ce yaya aka yi ka sani? Ya ce sau uku ka ce "oya" kafin in fasa ƙwai.

Washegari Gboko, Katsina-Ala, sai Zaki Biyam, inda na ga uwar doyar da muke saye a Mile 12. Ƙwarya-ƙwarya aka jera ta, ɗari-ɗari, tsibi bayan tsibi har ba ka ganin ƙarshen kasuwar, tireloli na lodi. Da na ji farashi sai na tuna shingayen jiya, na gane inda sauran kuɗinmu ke maƙalewa. Muka wuce Wukari, muka ci kifi a Tella a bakin kogin Taraba, muka sauka a Mutum Biyu. Ƙaramar motar da muka shiga daga nan, mutum bakwai ta ɗauka har da direba, ban da buhun gishiri da akuya a but. Garba Chede, Bali, nan ma muka sake haye kogin Taraba. Bayan Bali ne na fara hango wasu abubuwa shuɗi-shuɗi a gabas, na ɗauka hadari ne, na ce wa direba ruwa a Janairu? Mutanen motar suka yi ta dariya. Bayan isha muka shiga Serti.

Serti ce hedikwatar ƙaramar hukumar Gashaka, nan fadar Lamɗo, sarkin Gashaka, take, nan kuma hukumar gandun dajin ke da ofishinta. Ɗakin da muka kama Naira 8,000 ne, da bokiti ɗaya na ruwa, babu wuta, ba kuma a nemi fanka ba. Da safe muka je ofis aka ba mu littafi mu sa suna da inda muka fito. Na leƙa shafukan baya: ga Turawa, ga ɗaliban jami'a, ga 'yan bautar ƙasa. Na juya shafi huɗu ban ga wanda ya rubuta Agege ba. Kuɗin shiga da na jagora, duka-duka, bai kai abin da nake zuba wa janareto a mako biyu ba.

Ba a shiga sai da malamin daji. Wanda aka haɗa mu da shi siriri ne, ɗan yankin, da koren kaki da bindiga a kafaɗa, maganarsa kamar ana sayar masa da ita. Ya tsai da mu gaban taswirar da ke jikin bango ya ce wannan shi ne Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya. A 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe gandu biyu suka zama ɗaya, Gashaka a Taraba, Gumti a Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, gabashinsa kuma ya jingina da Kamaru. Na yi lissafi a zuci: jihar Legas da Badagry ɗinta da Epe da Ikorodu da ruwanta duka, sai an kusa jera biyu kafin su cike shi. Ya ce ɓangaren Gumti fili ne da ciyawa, duwatsun da kurmin suna nan kudu, inda muke.

A kan babura muka shiga. Hanyar jar ƙasa ce, hawa da gangara, har muka kai Mayo Kam. Mayo da Fulatanci kogi ne, shi ya sa rabin sunayen yankin da shi suke farawa. A wani gurbi mai zurfi malamin daji ya ɗaga hannu muka yi tsit. Da farko duwatsu na gani a ruwa, sai dutse ɗaya ya kaɗa kunne ya fesar da ruwa ta hanci. Dorina ce, su uku. Na ja da baya taku biyar ba tare da an ce in ja ba.

Ƙauyen Gashaka ƙarami ne, duwatsu sun yi masa ƙawanya. A kan wani tudu a gefensa akwai kufan ganuwar dutse da Jamusawa suka gina, domin kafin yaƙin duniya na farko wannan ƙasa cikin Kamarun Jamus take. Bayan an ci su da yaƙi ta koma hannun Ingila, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen yankin suka zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Ni duk karatuna ban san akwai 'yan Najeriyar da da ƙuri'a suka shigo ba. Yanzu ganuwar ta zama gidan ƙadangaru, saiwoyin itace sun tsattsaga ta.

Kashegari muka kama hanyar Kwano a ƙafa. Nan mamakina ya fara. Ni abin da na sani, kurmi na Kudu ne, irin wanda muke ratsawa a Ore, Arewa kuwa ƙaya ce da kuka da rana. Sai ga ni a Arewa cikin itatuwan da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu, igiyoyi na lilo, ƙasa a jiƙe cikin tsakiyar rani. Wasu birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa da doguwar farar jela suna tsalle can sama kamar dattawa sun yafa alkyabba. Bika kuwa a kan hanya muka tarar da su, babbansu ya zauna yana kallonmu irin kallon da ɗan agbero, ɗan kamashon Legas, ke yi wa direban da bai biya ba. Tsando ya yi mini cizo biyu a wuya ta cikin riga, kamar an soka allura mai zafi.

Da ƙishi ya kama ni na tarar ledojin fiya wata da na sayo a Serti sun ƙare. Muka iso wata ƙorama, ruwa garau, kana ganin tsakuwa ɗaya-ɗaya da ƙananan kifaye. Malamin daji ya durƙusa ya kamfata da hannu ya sha, Ɗan Mambila ma haka. Ni na tsaya. A Legas ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, amma wa zai kai bakinsa kwatar Agege ko ruwan ƙarƙashin gada? Jarka muke saye a wurin mai ruwa, leda muke saye a gosulo. Na tuna cewa tun da aka haife ni ban taɓa shan ruwan da ba a biya kuɗinsa ba, in ban da zamzam na tsarabar alhazai. Na durƙusa. Sanyinsa ya riƙe mini haƙori, ba ƙamshin leda, ba ɗanɗanon tanki. Na sha har cikina ya yi ƙara, na wanke fuska, na sake sha. Malamin daji ya ce irin waɗannan ƙoramu ne ke taruwa su zama kogin Taraba da muka haye a Bali da Tella, shi kuma ya faɗa Binuwai, Binuwai ta gangara Lakwaja. Ɗan Mambila bai ce uffan ba. Kallona kawai ya yi, ni kuma na shiga gyaran igiyar takalmi.

Kwano tsohon ƙauye ne da mutane suka tashi, yanzu sansani ne na masu bincike. Tun shekarar 2000 masana daga wata jami'a ta Landan suka fara zama a nan suna nazarin birai, musamman babban birin nan marar jela mai kama da mutum, cimfanzi. Irin na nan, wanda ba a samu sai a Najeriya da Kamaru, shi ne mafi ƙaranci a duniya, kuma wannan daji na cikin manyan mafakarsa da suka rage.

Daren nan ban runtsa ba. Na saba da janareton maƙwabta, da hon ɗin danfo, da jirgin sama mai sauka Ikeja yana girgiza mana kwano. Na zaci shiru zan tarar, ashe daji ya fi Oshodi surutu: gyare, kwaɗi, wani tsuntsu mai kuka kamar ana jan ƙofa mai tsatsa, da wani abu da ke tafiya a busassun ganye bayan ɗaki yana tsayawa duk lokacin da na kasa kunne. Na karanta Ayatul Kursiyyu ban san sau nawa ba. Gab da asuba sai wani ihu ya tashi daga ƙetaren kwari, ya fara a hankali, huu, huu, huu, yana hawa yana hawa har ya zama kururuwa, wasu suka amsa, sannan aka shiga dukan wani abu kamar ganga. Tsigar jikina ta tashi, domin muryar ta yi kusa da ta ɗan Adam fiye da yadda nake so. Malamin daji ya ce su ne, gangar kuma saiwar itace ce suke duka da hannu da ƙafa.

Muka bi sawunsu awa huɗu. Ba mu gan su ba, gara in faɗi gaskiya tunda a Abbatuwa an riga an fara cewa na yi musabaha da su. Abin da muka gani shi ne makwancinsu, can saman itace, rassa an lanƙwaso an saƙa kamar gado, kuma kowane dare sabo suke yi. A ƙasa malamin daji ya tsinci wasu 'yan sanduna ya miƙo mini. An zage ganyen, an tauna bakin ɗaya ya yi laushi kamar asuwaki. Ya ce da shi suke zura wa ramin ƙananan ƙudan zuma marasa harbi su lakato zuma, da dogayen kuma suke kamo kwarkwasa su ci ba tare da ta cije su ba. Na juya sandar a hannuna. Wani ya zaɓe ta, ya gyara ta, ya yi aiki da ita, ya jefar da ya gama. Na so in sa a aljihu, ya ce ba a fita da komai.

Da dare a bakin wuta bakinsa ya buɗe. Ya ce wahalar aikinsu ba namun daji ba ne, mutane ne: mafarauta masu ɗana tarkon waya, masu haƙar ma'adinai, da masu yankan madobiya, wadda a Taraba ake kira madrid. Shekarun baya an yi mata wawa, ana loda gungume a tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan sai Sin. Na yi shiru, don na sha ganin irin waɗannan motoci a layin Apapa ban taɓa tambayar daga ina ba. Sannan ya ce sai makiyaya, masu cinna wa ciyawa wuta da sassabe rassa. Nan Ɗan Mambila ya gyara zama. Ya ce, "Malam, kafin a zana taswirar nan taka kakanninmu suna kan tsaunukan nan. Sun hau ne don a sama babu tsando. Yanzu biri ya fi mu gata?" Malamin daji ya ce shi ya sa da aka kafa gandun ba a tashe su ba, aka bar musu wurare irin su Chappal Hendu da Filinga da Selbe su zauna su yi kiwo da noma. Ya ce damuwarsa garkunan da ke kwararowa daga nesa da rani, waɗanda ba su san kowa ba, ba su jin maganar Arɗo. Suka yi ta ja har itacen ya cinye. Ni dai ban sa baki ba. Mutumin da aikinsa rubuta yawan shanun da Legas ke haɗiyewa kullum, kuma yake fushi in tirela ta makara, ba shi da bakin yi wa makiyayi wa'azin ciyawa. Amma na sha ruwan ƙoramar nan, kuma na san in aka aske kurmin ba za ta kai baɗi ba.

Muka koma Serti muka hau motar Gembu. Daga Mayo Selbe hanya ta miƙe tsaye. Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, can ƙasa kana hango gawarwakin manyan motoci sun yi tsatsa. Kunnuwana suka toshe. Direba ya nuna wani hawa ya ce sunansa Biyu da Sisi, wai ladan da ake biyan 'yan dako ke nan a zamanin Turawa in sun hau da kaya. Na ce ko nawa ne sun cuce su. Wata tsohuwa a bayana salati take tun daga ƙasa har muka kai sama, ni ma a zuci ina taya ta.

Sai duniya ta buɗe. Tudun Mambila ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, tuddai ne masu santsi ɗaya bayan ɗaya kamar an kife ƙore, ba itace sai layukan turare da aka dasa. Ga shanu, jajayen rahaji masu dogon ƙaho da gudali masu tozo, suna kiwo ba mai kora. Shekara goma sha biyar ina karɓar waɗannan shanu a Legas bayan sun kwana uku a tsaye cikin tirela, ido ya faɗa, gwiwa ta goge. Ban taɓa ganin su a gidansu ba. Ashe haka fatarsu ke sheƙi.

A Nguroje muka sauka, garin tsofaffin Land Rover waɗanda ko a Ladipo ba za ka sami kayansu ba, amma ga su suna hawa dutse da lodin katako. Da magariba na zuba ruwan alwala a hannu na ji kamar an sare ni. Na zazzage jaka na ciro rigar sanyin nan, na sa wa maiɗakina albarka a fili. Mahaifiyar Ɗan Mambila, wadda kowa ke kira Dada, ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Fulatancina bai wuce "jam" da "useko" ba. Ta riƙa ce mini "ɓingel am", ɗana, tana turo ƙwarya. Tuwon masara da man shanu, kindirmo mai kauri da sai da cokali, zuma da sakarta, fiya manya-manya da ake bayarwa kyauta, sannan shayi na ganyen Kakara, wanda ake nomawa nan kan tudun. Ni da nake zaton duk ganyen shayi daga jirgin ruwa yake fitowa.

Na ɗauka an gama, na ce to na ga duwatsu, na yarda. Ɗan Mambila ya ce ai ba mu fara ba.

Dutsen Chappal Waddi na cikin gandun ne, amma ta wannan gefen ake hawansa. Babur ya kai mu Njawai, Naira 25,000 kowa, tafiyar da na sauka na tura ya fi sau goma. A can wani malamin dajin ya karɓe mu. Yinin farko muka yi ta ratsa tuddai da ƙoramu har wata ruga a gindin dutsen, muka kwana a bukka, mu huɗu, wuta a tsakiya, hayaƙi na cin ido amma ba mai son a kashe.

Da sassafe muka fara hawa. Ni ne mai ƙorafi in an ce in hau gadar masu ƙafa ta Oshodi, sai in tsaya neman inda zan tsallaka titi a guje. Awa ɗaya da farawa cinyoyina suka fara rawa. Numfashi ya ƙi isa, ina ja kamar ta cikin tsumma. Ciyawa ta jiƙe da raɓa, takalmina na kanti yana zamewa, su kuwa da takalman roba suna tafe suna hira. Sau uku ina ganin ƙoli, in tattara sauran ƙarfina in kai, sai in tarar da wani a bayansa ya fi shi. Hangen Dala ba shiga birni ba, ban taɓa fahimtar karin maganar nan da gwiwoyina ba sai ran nan. A hawa na uku na zauna a kan dutse na ce su je su dawo su same ni. Ina zaune sai ga wata yarinya, ba ta fi shekara goma sha biyu ba, da ƙwarya a ka, ta fito daga wata 'yar hanya, ta ce "sannu Baaba", ta wuce sama kamar mai zuwa bayan gida. Ɗan Mambila ya ce, "Kaɗo, in faɗa a Abbatuwa ko kai za ka faɗa?" Na miƙe. Malamin daji ya yanko mini sanda, ya ce kada in ƙara kallon sama, in kalli dugadugansa kawai, taku hamsin in tsaya in ja numfashi goma. Haka na yi ta ƙirgawa, hamsin, goma, hamsin, goma. Ƙirga dai ita ce sana'ata.

Rana ta kusa tsakiya muka kai. Mita 2,419, babu inda ya fi nan tsawo a duk Najeriya. Ba wani gini, ba rumfa, ba mai sayar da komai. Ciyawa ce gajera da iska mai neman ture mutum. Hazon hunturu ya rufe nesa, amma kusa kana ganin kawunan duwatsu sun huda gajimare, gajimaren kuma yana ƙarƙashinmu, abin da ban taɓa gani ba tunda ban taɓa hawa jirgi ba. Malamin daji ya nuna gabas ya ce daga nan zuwa can Kamaru ce. Wayata da ta kwana biyu ba sabis ta yi ƙara, na duba, saƙo ne da Faransanci. Sai a lokacin ya gaya mini ɗaya sunan dutsen, Gangirwal, wanda ake fassarawa da dutsen mutuwa. Na ce, "Malam, da ka faɗa tun a ƙasa ai da ka hutar da kowa."

Ɗan Mambila ya zo ya tsaya a kaina, ina kwance rigingine. Ya ce, "To, dutse dutse ne?" Na ce a ba ni ruwa.

Mun yi azahar a can, iska na naɗe mana sallaya. A gangarowa, ƙasa kaɗan da ƙoli, akwai inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse, bai fi kaurin yatsa biyu ba. Na cika babbar gora, na ɗaure bakinta da leda, na ce wannan sai Agege, Abba da uwarsa su ɗanɗana. Saukowar ta fi hawan cin gwiwa, farcen babban yatsana har yau baƙi ne.

Dawowa hanyar ce dai, shingayen ne dai. Gorar tana tsakanin ƙafafuna tun daga Nguroje. Bayan mun haye gadar Itobe barci ya sace ni, ban farka ba sai da na ji mota a tsaye a hawan Okene, an buɗe inji yana tururi. Yaron mota ya bi kujeru ya tattara duk ruwan da ya gani. Na leƙa ta taga daidai lokacin da yake girgiza gorata a bakin lagireto don kada ɗigo ya rage. Ya miƙo mini ita wayam ya ce, "Oga, na gode, ruwanka ne ya cece mu." A Owo na sayi fiya wata leda biyu.

Ran da na koma aiki na kai wa Alhaji ganyen shayi da kwalbar zuma. Ya sa aka kawo mini kujera, mahauta suka taru, na ba da labarin dorina da ihun asuba da gajimare a ƙarƙashin ƙafa. Alhaji ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Madalla. To nawa ake sayar da babban sa a Nguroje?"

Na buɗe baki, na rufe. Kwana uku na yi a kan tudun, cikin shanu, ban tambaya ba.